Mariƙin Washi da Sauran Dabarun Tsare Bakin Kayan Sassaƙa

Masassaƙin da ke fafe turmi daga gungumen ƙirya ba ya yin nisa bai koma kan dutse ba. Ƙirya itace ne mai cin bakin ƙarfe, haka marke da maɗaci. Ya sara, ya tsaya, ya yayyafa wa dutse ruwa, ya goga, ya koma. Almajirin da ya zo koyon sana'a yakan iya sara cikin 'yan watanni, amma washi sai ya ɗauke shi shekaru, kuma kafin ya iya ya cinye wa maigida ƙarfe mai yawa a banza.

Matsalar tana wuyan hannu. Kaifi yana samuwa ne inda fuskoki biyu na ƙarfe suka haɗu a layi guda, kuma kusurwar da suka haɗu a kanta ita ke yanke hukuncin yadda kayan zai yi aiki. Masu sassaƙa itace mai laushi suna wasa cizil a kan digiri 15 zuwa 20, don ya riƙa shiga ba tare da an matsa ba. Itace mai tauri yana son digiri 25 zuwa 30, in ba haka ba bakin ya gutsure da an buga masa guduma. To, riƙe ƙarfe a kan digiri 25 daidai, ana tura shi gaba ana jawo shi baya sau ɗari, abu ne da hannun ɗan Adam bai iya shi da kansa ba. In ka tura sai hannu ya sauka, in ka jawo sai ya ɗaga. A hankali gangaren bakin, wanda ya kamata ya zama shimfiɗaɗɗe, sai ya yi doro.

Doron nan ba ƙaramar ɓarna ba ce ga masassaƙi. Gangaren bakin shi ne ke kwanciya a jikin itace yana yi wa kaifin jagora. Da ya yi doro, dole mutum ya ɗaga ƙota sama kafin bakin ya kama, kuma da ya kama sai ya nutse fiye da yadda ake so ko ya zame. Mutane da yawa suna cewa ƙarfensu ba shi da kyau, su zargi maƙeri, alhali washi ne ya lalata shi.

Wannan ne ya sa aka ƙirƙiri mariƙin washi, wanda a shagunan kayan aiki ake nema da sunan jig. Wanda ya fi yaɗuwa shi ne samfurin Eclipse na birnin Sheffield a Ingila, da kwaikwayonsa masu araha da suka cika kasuwa. Ɗan ƙarfe ne mai muƙamuƙi biyu da ke damƙe cizil ta gefe, da ƙaramar taya a ƙasa da ke birgima a kan dutse. Hikimarsa ita ce tsawon bakin da ka bari ya fito gaba shi ke ba ka kusurwa: a cizil, milimita 40 na ba da digiri 25, milimita 30 na ba da digiri 30. Kafintoci masu wayo ba sa auna wannan kullum. Sukan kafa 'yan guntayen katako a kan allo, kowanne a nisansa daga gefe, su dangana mariƙin, su tura cizil har ya taɓa guntun, su ɗaure. Kusurwar jiya ita ce ta yau, don haka dutse yana taɓa bakin tun gugar farko, ba sai an sake cin ƙarfe ana laluben inda aka tsaya ba. A ganina wannan ce babbar ribar mariƙi, ta fi ma kaifin da yake bayarwa, domin cizil ɗin da ake wasawa haka yana daɗewa bai gajarce ba.

Sai dai mariƙin nan na cizil mai miƙaƙƙen baki ne. Yawancin kayan sassaƙa kuwa bakinsu a lanƙwashe yake, kuma irin wannan sai an riƙa mirgina shi daga kusurwa ɗaya zuwa ɗaya yayin da ake gogawa. Kamfanin Tormek na ƙasar Suwidin, wanda Torgny Jansson ya kafa a 1973, ya shahara a wannan fanni. Injinsa dutse ne zagayayye da ke juyawa a hankali, kamar sau 90 a minti, ƙasansa na cikin ruwa. A gabansa akwai sandar ƙarfe da ake rataya mariƙai iri-iri, har da wanda ke barin lanƙwasasshen baki ya yi lilo hagu da dama kusurwarsa ba ta canja ba. Inji ne mai kyau, kuɗinsa kuma ya fi ƙarfin yawancin masu sana'ar, ga shi sai da wuta.

Abin koyi a jikinsa shi ne ruwan da jinkirin. Injin washi na lantarki da ake gani a bakin kasuwa yana juyawa kusan sau 3,000 a minti, a bushe. Tartsatsin da ke tashi yana burge yara, amma siririn baki ba shi da kaurin da zai shanye zafin. Ƙarfe yana nuna zafinsa da launi: wajen digiri 230 na ma'aunin Salshiyas yana yin ruwan kara, wajen 300 ya koma shuɗi. Bakin da ya yi shuɗi ya rasa taurin da maƙeri ya ba shi lokacin da ya ƙona shi ya tsoma a ruwa ko mai. Zai yi kaifi a ranar, ya dakushe kafin la'asar, kuma ba magani sai a ci ƙarfen har a wuce inda ya ƙone. Wanda ba shi da zaɓi sai wannan injin, ya ajiye gwangwanin ruwa kusa, ya taɓa kaɗan ya tsoma, kuma ya kafa wa injin madogarin da ƙarfe zai kwanta a kai maimakon riƙe shi a iska.

Sauran dabarun kusan kyauta ne. A yanke katako mai gangare, tsawon gindinsa santimita 10, tsayinsa 4.7, an sami digiri 25. In tsayin ya zama 5.8, digiri 30 ke nan. A ajiye shi a gefen dutse, a kwantar da cizil a kai don hannu ya ji kusurwar kafin a fara, a riƙa komawa ana gwadawa. Ido ma yana iya aunawa: in tsawon gangaren ya ninka kaurin ƙarfen sau biyu, digiri 30 ne. Sai dabarar tawada, wadda na fi so saboda ba ta ƙarya. A shafe gangaren baki da baƙin tawada, a goga sau uku ko huɗu, a duba. Inda tawada ta goge nan dutse ke ci. In ta rage a can bakin, hannu ya yi ƙasa, ana ta aiki kaifin bai san ana yi ba.

Dutsen kansa yana bukatar kulawa, domin tsakiyarsa na ramewa da amfani, kuma ramammen dutse ba ya ba da miƙaƙƙen baki ko da wane mariƙi aka zo. Sanfefa mai jure ruwa da aka manna a kan gilashi mai kauri tana gyara shi, ita kanta ma tana washi in an bi ta daga mai kaushi zuwa mai laushi, misali mai lamba 400, 1000, 2000. Cikin lanƙwasasshen baki kuma, inda siririn leɓen ƙarfe ke naɗewa bayan washi, sai a sa cizil ɗin ya fafe wa kansa hanya a katako mai laushi, a sassaƙa wani katakon daidai da cikinsa, a naɗa masa sanfefa ko fata. Gugar fata a ƙarshe, irin wadda wanzami ke yi wa aska, ita ke cire leɓen. Mai yawan komawa kan fata ba ya yawan komawa kan dutse, sai dai fatar ta zama siririya a manne kan katako, don mai kauri da taushi tana dawo da doron da ake gudu.

Tsofaffin hannu sukan raina duk wannan, su ce wanda ya iya ba ya bukatar sanda. Suna da gaskiya a kan kansu, domin tsayawa ɗaura mariƙi kowane minti ashirin ɓata lokaci ne ga mutumin da hannunsa ya riga ya daidaita. Gizago da gatari ma ba sa shiga ƙaramin mariƙi. Su sai a danne su wuri guda, a kawo musu magagari sannan ɗan dutse a hannu. Amma ga almajiri, da ranar da baki ya gutsure ake son sake fitar da gangare daga farko, ban ga dalilin ƙin mariƙi ba sai girman kai.

Kowace hanya aka bi, gwajin ɗaya ne. A ɗaga bakin a hasken rana a dube shi kai tsaye: in ya yi ƙyalli, akwai sauran dakushi, domin baki mai kaifi ba shi da faɗin da zai mayar da haske. Sannan a yanka katako mai laushi a kan kansa, inda jijiyoyin itacen suka ƙare. Itace mai tauri yana rufa wa dakusasshen baki asiri, mai laushi kuwa murƙushewa yake yi, kuma duk inda bakin ya gutsure zai bar farin layi a wurin yankan.