Mene ne "zaɓen da bai kammalu ba"?

Mutanen Gusau, Tsafe, Bungudu da Maru sun san wannan kalma tun Fabrairun 2023, lokacin da hukumar zaɓe ta INEC ta ce zaɓen Sanatan Zamfara ta Tsakiya bai kammalu ba.

Ga yadda abin yake. Idan an soke ƙuri'un wasu rumfuna, ko zaɓe bai yiwu ba saboda rikici ko fargabar 'yan bindiga, sai a duba tazarar da ke tsakanin na ɗaya da na biyu. In tazarar ba ta kai yawan waɗanda suka karɓi katin zaɓe a waɗannan rumfuna ba, ba a bayyana wanda ya ci. Sai a sake zaɓe a rumfunan kaɗai.

Haka aka yi ranar 15 ga Afrilu, 2023, inda Ikra Aliyu Bilbis na PDP ya doke Kabiru Marafa na APC, dukansu 'yan ƙaramar hukumar Tsafe.

Wanda abin ya fi shafa shi ne ɗan ƙauye. Rumfarsa da ba a damu da ita ba ce ke komawa mai yanke hukunci, 'yan siyasa su yi mata dafifi. Kada ka yar da katinka.