Amurka: tambayar da ke jiran sabon malami a darasinsa na farko na tarihi

A Amurka, kafin a ba mutum takardar shaidar koyarwa a firamare, sai ya shafe zangon karatu guda, yawanci makonni 12 zuwa 16, a ajin wani gogaggen malami. Irin gwajin koyarwar da ɗaliban makarantun horon malamai ke yi ne a Nijar ko Kamaru. Da farko kallo yake yi, sannan a bar masa darasi ɗaya, daga baya a sakar masa ajin baki ɗaya. Galibi ba a biyansa ko sisi.

Wanda gwajinsa ya faɗo a ƙarshen shekara, da wuya ya kauce wa darasin bikin godiya na Thanksgiving, wanda ake yi ranar Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba. Labarin da aka saba ba yara mai daɗi ne. A 1620 jirgin ruwa mai suna Mayflower ya kawo Turawan Ingila 102 gaɓar Plymouth. Kusan rabinsu sun mutu a sanyin farko. Wani ɗan asalin ƙasar, Tisquantum, wanda littattafan yara ke kira Squanto, ya koya wa sauran shuka masara. Da amfanin gona ya yi kyau a 1621, sai aka yi kwana uku ana shagali tare da sarkin Wampanoag, Massasoit, da mutanensa kusan 90. Shekaru da yawa, daga nan ake tashi darasi, yara su yanka takarda su yi hular gashin tsuntsu.

Duk wannan ya faru. Matsalar tana zuwa ne idan wani yaro ya ɗaga hannu ya ce: to ta yaya Squanto ya iya Turanci? Amsar ba ta da daɗi. A 1614 wani matuƙin jirgi Bature, Thomas Hunt, ya sace shi tare da wasu mutane fiye da 20, ya kai su Malaga ta ƙasar Sifen don ya sayar da su bayi. Tisquantum ya kuɓuta, ya zauna a Landan, ya koma gida a 1619, ya tarar annoba ta share garinsu, Patuxet. A kan kufan garin nan Turawan suka kafa Plymouth, gonakin da suka samu a share kuwa na mamatan ne.

Sabon malami yana tsaye gaban yara ƴan shekara shida ko bakwai, mai ajin na zaune a baya yana rubuta abin da ya gani. Idan ya kauce wa tambayar, ya bar yara da rabin labari. Idan ya zube komai, gobe iyaye na iya zuwa wurin shugaban makaranta. Tsoron nan ba na banza ba ne, domin tarihi ya zama fagen siyasa a ƙasar. A 2021 jihar Texas ta yi dokar da ta hana tilasta wa ɗalibai nazarin shirin 1619 na jaridar New York Times, wanda ya ɗauki sunansa daga shekarar da aka sauke ƴan Afirka fiye da 20 a gaɓar Virginia. Kowace jiha da nata tsarin karatun, don haka abin da malami zai faɗa hankali kwance a Massachusetts yana iya jawo masa magana a wani wuri.

Gogaggun malamai ba sa ɓoye gaskiyar, rage mata nauyi suke yi daidai ƙarfin yaro. Ɗan shekara shida ya san mene ne a raba mutum da gidansu da ƙarfi, ya kuma san ba daidai ba ne. Ba ya buƙatar bayanin gawawwaki. Cikakken tarihin mulkin mallaka da bauta sai aji huɗu ko biyar, inda ake karanta kafuwar Jamestown a 1607, ake kuma gyara abin da fim ɗin Disney na 1995 ya dasa: Pocahontas yarinya ce ƴar shekara 10 ko 11 lokacin da ta haɗu da John Smith, ba budurwarsa ba ce.

Akwai kuma abin da sabon malami ya fi mantawa da shi. Shekara 400 ba ta da ma'ana a kan ƙaramin yaro, a wurinsa jiya da zamanin kakanni duk "da" ne. Shi ya sa yara kan ɗauka mutanen Wampanoag sun ƙare tuntuni. Suna nan da ransu a Mashpee da Aquinnah, ƴaƴansu na zuwa makaranta. Tun 1970, ranar da sauran Amurkawa ke cin naman talotalo, ƴan asalin ƙasar na taruwa a Plymouth don abin da suka kira Ranar Makoki ta Ƙasa.