Girka Kayan Aiki: Darasin Farko da Ake Tsallakewa Wajen Koyon Haɗa Manhajar Waya

 A shirinmu na yau za mu leƙa Kankiya, a kan hanyar Kano zuwa Katsina, da maƙwabciyarta Kusada, domin mu duba wani abu da ke karya gwiwar matasan da suka ɗaura aniyar koyon haɗa manhajar waya. Matashi ya tara kuɗi ya sayi kwamfuta ta hannu, ya sa data, ya buɗe darasi a YouTube. Mai darasin ya girka komai cikin 'yan mintuna ya wuce, shi kuwa namu yana nan zaune, jan rubutun kuskure ya cika masa allo, bai ko rubuta layi ɗaya na manhajarsa ba. Daga nan wasu ke yanke wa kansu hukunci cewa ba su da kan wannan sana'a. Abin da shirin nan zai kafa hujja a kansa shi ne, hukuncin nan kuskure ne. Girka kayan aiki fanni ne na sana'ar mai zaman kansa, yana da dalilai sanannu da magunguna sanannu, kuma a garuruwa irin namu wajibi ne a koyar da shi da gangan, a kuma yi shi a ƙungiyance.

Bari mu fara da fahimtar abin da ake girkawa. Mai son haɗa manhajar Android yana buƙatar kayan aiki da yawa waɗanda kamfanoni daban-daban suka ƙera, kowanne yana fitar da sabuwar siga a lokacin da ya ga dama. Akwai Android Studio, wanda Google ya fitar da cikakkiyar sigarsa ta farko a watan Disamba na 2014, a cikinsa ake rubutu. Akwai tarin kayan Android da ake kira SDK. Akwai Java. Akwai Gradle, wanda ke tattara rubutun ya mayar da shi manhajar da waya za ta karɓa. Wanda ya zaɓi Flutter, da ya fito a Disamban 2018, ko React Native da Facebook ya saki a 2015, ya ƙara wani hawa a kan waɗannan. Dole sigogin su dace da juna. Ga misali bayyananne: mahaɗin da ke tsakanin Android da Gradle, siga ta 7 da ta fito a 2021 tana neman Java 11, siga ta 8 da ta fito a 2023 kuwa sai Java 17. Saboda haka ɗalibin da ke bin darasin da aka naɗa a 2021 da kayan da ya sauke bana zai iya bin kowane mataki daidai, amma aikin ya ƙi tashi. Ƙwaƙwalwarsa lafiya lau take. Kwanan watan darasin ne bai duba ba, kuma ba wanda ya taɓa gaya masa ya duba.

Abu na biyu, masu ƙera waɗannan kaya sun ɗauka cewa intanet ba ta yankewa kuma ba ta ƙarewa. Android Studio kaɗai ya kai kimanin gigabait guda kafin a girka shi. Bayan an girka, zai sauke SDK. Ranar da aka fara gina manhaja, Gradle zai sauke kansa, sannan ya sauke ɗimbin ƙananan fayiloli daga rumbunan da ke ƙasashen waje. Idan sabis ya yanke a tsakiya, ko data ta ƙare, ko batirin kwamfuta ya mutu domin babu wuta, sau da yawa rabin fayil ne ke maƙalewa a cikin wata ɓoyayyiyar folda ta Gradle. Gobe in an dawo, na'urar za ta ɗauki wannan gurgun fayil ta yi ƙoƙarin buɗe shi, ta kasa, ta fitar da saƙon da bai ambaci intanet ba ko kusa. Maganin shi ne a goge wannan fayil ɗaya a sake sauke shi. Wanda bai sani ba kuwa zai cire Android Studio gaba ɗaya ya sake saukewa daga farko, ya ƙone datar da za ta ishe shi karatun wata guda. Ku tuna kuma cewa a watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kashi 50 cikin ɗari a kan farashi. A Kankiya da Kusada rashin sanin wannan ɗan ƙaramin abu kuɗi ne ke fita daga aljihu.

Abu na uku shi ne ita kanta kwamfutar. Google ya nemi ƙwaƙwalwar RAM ta gigabait 8 a matsayin mafi ƙanƙanta, 16 kuwa ga mai son kunna wayar gwaji ta cikin kwamfuta, wadda ake kira emuleta. Da yawa daga kwamfutocin hannu da ake sayowa a titin Beirut da ke Kano ko a shagunan Katsina gigabait 4 ko 8 ke gare su. Emuletar tana kuma buƙatar a kunna wani saiti a can cikin BIOS, wanda kwamfutoci da yawa ke zuwa da shi a kashe. Sai dai akwai tambayar da ya kamata a fara yi: me ya sa dole sai emuleta? Tecno ko Infinix ko itel da ke aljihun ɗalibi ta isa gwaji, ta ma fi, domin irinta ce ke hannun mutanen da za su yi amfani da manhajar. A shiga bayanan waya, a taɓa lambar ginin manhajarta sau 7, sashen masu haɗa manhaja zai buɗe, a kunna izinin gwaji ta USB. In kwamfuta ba ta ga wayar ba, a fara zargin kebul, domin wasu na caji ne kawai, ba sa ɗaukar bayanai. Akwai kuma wata cuta ta tsofaffin kwamfutoci: ɗan batirin da ke riƙe agogo in ya mutu, kwanan wata sai ya koma shekarun baya, rumbunan intanet su ƙi amincewa da na'urar, saukewa ta tsaya. Gyara agogo kawai, aiki ya ci gaba.

Akwai ma matsalar da ta fi shafarmu mu Hausawa. A kan Windows, kayan gina manhajar Android kan ƙi aiki idan a sunan foldar da aikin yake ciki akwai harafin da ba ya cikin haruffan Turanci na asali. Wanda ya sa wa foldarsa suna da ƙa mai lanƙwasa, ko ɗa, ko ɓa, zai iya faɗawa cikin wannan. Masu Flutter kuma sun yi gargaɗi a fili cewa kada a ajiye shi a wurin da sunansa ke da tazara ko wata alama ta musamman, ga shi kuwa sunaye irin su Sa'idu da Mu'azu da alama a tsakiyarsu, kuma da sunan mutum Windows ke buɗe babbar foldarsa. Maganin bai wuce a buɗe folda mai gajeren suna kai tsaye a kan faifan C ba. Idan muka jera waɗannan matsaloli, za mu ga abu guda ya haɗa su: kowacce tana da sanadi ɗaya takamaimai, kuma mafi yawansu na'urar tana faɗar inda ciwon yake. Flutter yana da umarnin da ake kira flutter doctor, wanda ke duba komai ya nuna abin da ya rage, har ya faɗi abin da za a rubuta, kamar amincewa da lasisin Android. Ɗabi'ar da ya kamata a dasa wa ɗalibi ita ce ya nemo kuskuren farko a cikin jan rubutun ya karanta shi a natse, ya canza abu ɗaya tak, ya sake gwadawa, sannan ya rubuta abin da ya yi.

To, tun da matsalolin sanannu ne kuma iri ɗaya ne ke maimaituwa, babu dalilin da zai sa kowane matashi ya biya kuɗinsu shi kaɗai. Ɗan koyon ɗinki ba a fara ba shi shadda sai ya iya zura zare da sa wa keke mai, kuma ubangidansa ne ke nuna masa. Haka ya kamata wannan sana'a ta kasance. Duk mai koyarwa, ko a shagon kwamfuta na cikin gari ne, ko a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, ko Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman, ko a shirin 3MTT da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar a 2023 don horar da mutum miliyan 3, ya ware makon farko don girka kayan aiki kawai. A tsayar da siga ɗaya ta kowane abu ga aji duka. Mutum ɗaya ya sauke manyan fayilolin a inda sabis ke da ƙarfi, a zuba a filash, kowa ya kwafa. Ko fayilolin da Gradle ya tara ana iya kwafe su zuwa wata kwamfutar, kuma yana da saitin yin aiki ba tare da intanet ba muddin abin da yake nema yana ciki. A kuma buɗe kundi da Hausa, a takarda ko a zauren WhatsApp, inda za a riƙa rubuta saƙon kuskure kamar yadda ya fito, da sanadinsa, da yadda aka warware shi.

Wasu ƙwararru za su ce wannan shagwaɓa ce, su ma da wahalar nan suka koya, kuma wanda bai yi kokawa da na'ura ba ba zai iya sana'ar ba. Akwai gaskiya a ciki, domin mai haɗa manhaja har ya bar aiki ba zai daina cin karo da kurakurai ba. Amma wahala iri biyu ce. Bin diddigin saƙon kuskure har a gano sanadinsa yana koyar da tunani. Zaman jiran fayil ya sauka a karo na uku saboda sabis ya yanke ba ya ƙara wa kowa sani, aljihu kawai yake tatsewa, kuma wanda yake fara korarwa shi ne mai ƙaramin ƙarfi. Mu lura kuma cewa masu wannan magana su ne waɗanda suka tsallake. Waɗanda suka ajiye kwamfutar suka haƙura ba a jin muryarsu a wannan muhawara. Malamin da ke son ɗalibansa su ƙware a gyara yana da hanya mafi kyau: bayan komai ya tashi, ya lalata wani saiti da gangan, ya ce su nemo shi.

Wasu kuma za su ce zamani ya wuce wannan, tun da akwai shafukan da ake rubuta manhaja a cikinsu ba tare da an girka komai ba, irin su DartPad da Expo Snack da MIT App Inventor, ga kuma ƙirƙirarriyar basira da ke amsa tambaya nan take. Waɗannan kaya ne masu amfani, kuma daidai ne a fara da su domin ɗalibi ya ga manhajarsa ta motsa tun a makon farko, zuciyarsa ta yi ƙarfi. Sai dai duk sun fi dogara da abin da ya fi yi mana ƙaranci, wato intanet mai ɗorewa. Da zarar sabis ya ɗauke, aiki ya tsaya cak, alhali kwamfutar da aka girka wa kayanta tana ci gaba da aiki iya ƙarfin batirinta. Ita kuma ƙirƙirarriyar basira, amsarta tana bin ingancin tambaya. Wanda bai san sigar Java da ke kwamfutarsa ba, bai kuma san wane layi zai kwafa ya nuna mata ba, zai iya karɓar shawarar da ta dace da kayan shekaru uku da suka wuce, ya ƙara dagula abin da yake son gyarawa.

Ƙorafi na ƙarshe shi ne mafi nauyi: cewa asalin matsalar talauci ne da rashin wuta, kuma dabara ba ta maganin waɗannan. Ba za mu musa ba. Akwai abin da sai kuɗi. Manhajar iPhone ba ta ginuwa sai da Xcode, shi kuwa a kwamfutar Mac kawai yake aiki, kuma Apple na karɓar dala 99 duk shekara, yayin da Google ke karɓar dala 25 sau ɗaya. Wutar da KEDCO ke rabawa a Kano da Katsina da Jigawa ma ba a hannun ɗalibi take ba. Amma wannan ƙorafi ƙarfafa hujjarmu yake yi. Sola ɗaya da na'urar intanet ɗaya da filash ɗaya a ɗaki guda za su ɗauki mutum goma, abin da ɗayansu ba zai iya shi kaɗai ba. Ƙarin RAM da sauya tsohon faifai da na SSD sun fi sayen sabuwar kwamfuta araha nesa ba kusa ba. Hatta a ƙarshen tafiya ana buƙatar jama'a, domin Google Play ya shar'anta wa sababbin masu asusun ƙashin kansu su samo mutum 12 da za su gwada manhajarsu na kwana 14 a jere kafin ta fita kasuwa. Ga kuma buƙatar a ƙofar gida: ɗaliban Makarantar Koyon Aikin Lafiya ta Kankiya, da 'yan kasuwar hatsi da dabbobi, da malaman Islamiyya, duk za su amfana da manhajar da ke magana da Hausa, mara nauyi, mai aiki ko babu sabis. Wanda ya fi cancanta ya haɗa ta shi ne wanda ya san yadda sabis ke yi a Kusada da damina.

Saboda haka kiranmu ga malamai shi ne su sa girka kayan aiki a cikin manhajar karatu, su ba shi lokacinsa da makinsa. Ga shugabannin ƙananan hukumomin Kankiya da Kusada da masu hannu da shuni, ɗaki ɗaya mai sola da intanet ya isa mafari. Kai kuma ɗan'uwa ko 'yar'uwa da jan rubutu ya tsayar, kada a goge komai, kada a sauke komai tukuna. A kwafi kuskuren farko, a duba sigar Java da ta Gradle, a duba agogo da sunan folda da kebul, sannan a kai wa wanda ya riga ku. In an warware, a rubuta yadda aka yi domin na baya.