Cimar Hanjin Jaririn Dabba da Batun Sukarin Rake

Cikin ƙaramin hanji ba sumul yake ba. Idan an dube shi da madubin likita, sai a ga ya cika da 'yan tsirarrakin nama kamar gezar tawul, kowanne a lulluɓe da ƙwayoyin halitta jeri guda. Su ne ke tsotse abinci su miƙa wa jini. Ana haifarsu a 'yan ramukan da ke gindin tsiron, su yi ta hawa har su kai ƙoli, sa'an nan su kaɗe. Wani ɓangare na abin da aka sani a kansu daga 'ya'yan aladu aka samo shi, gama hanjin alade ya yi kama da na ɗan Adam ƙwarai. A 1971 Harley Moon ya nuna cewa wannan hawa yana cin kwana 7 zuwa 10 a jaririn alade, amma kwana 2 zuwa 4 kurum a ɗan mako uku. Watau idan cuta ta ƙwaƙule hanjin jariri, gyaransa yakan daɗe.

Aikin nan yana cin ƙarfi, kuma cimar ƙwayoyin ta saɓa wa zato. A dā an ɗauka gulukos ne babban abincinsu, kamar yadda yake ga ƙwaƙwalwa. A 1974 Windmueller da Spaeth suka gano cewa hanjin ɓera yana zuƙar glutamin mai yawa daga jini. Wannan kuwa ɗaya ne daga cikin tubalan da ake gina furotin da su. Daga baya Peter Reeds da abokan aikinsa a Amurka suka auna abin a 'ya'yan aladu, suka tarar hanji yana cinye fiye da kashi 90 cikin ɗari na glutamet ɗin da ke cikin abinci tun bai kai jini ba, alhali kuwa yawancin gulukos wucewa yake yi zuwa sauran jiki. Ashe hanji shi ke fara ɗibar rabonsa, kuma daga furotin ɗin nono yake ɗiba. Saboda haka jaririn da aka ɗauke wa nono, hanjinsa ne ke fara ramewa.

Kiwon alade ba sana'ar akasarin mutanen Ikara da Makarfi da Kudan ba ce. Awaki da tumaki da shanu suka fi yawa. Duk da haka binciken ya shafe su, domin maraƙi da ɗan akuya, kamar ɗan alade, ba su samun garkuwar jiki a cikin mahaifa. Sai sun sha dakashi, kuma hanjinsu yakan daina shigar da garkuwar cikin jini bayan kamar yini da kwana.

Abu na biyu ya fi wannan sauƙin ruɗarwa. Ƙasar nan ƙasar rake ce, fadamun Makarfi da Hunkuyi shaida ne, mazarƙwaila kuwa ba ta wuyar samu. An kuma koya wa iyaye mata haɗa ruwan gishiri da sukari domin yaro mai zawo, magani ne sahihi, gama hanjin yaro yana da sinadarin da ke raba sukarin rake gida biyu ya tsotsu. To, ɗan alade ana haifarsa kusan babu wannan sinadari, sai bayan mako guda ko biyu yake ƙaruwa. A 1954 masana a Jami'ar Ilinoi sun ba jariran aladu madarar haɗi mai sukarin rake, suka kamu da zawo mai tsanani, da yawa suka mutu. Maraƙi da ɗan tunkiya da ɗan akuya lamarinsu ya fi haka, don hanjinsu ba ya yin sinadarin ko sun girma. Sukarin da bai narke ba yakan zauna a hanji ya jawo ruwa daga jiki, zawon ya ƙaru. Abin da ya dace da su shi ne ruwan gishiri da gulukos, ana ba su tsakanin shan nono, ba tare da an raba su da uwa ba.