Abuja Zuwa Legas: Sa'a Guda a Sama, Sauran Lokaci a Ƙasa

Tazarar da ke tsakanin filin jirgin saman Nnamdi Azikiwe na Abuja da na Murtala Muhammed da ke Ikeja ta kai kimanin kilomita 510, kuma jirgi kan shafe sa'a ɗaya da 'yan mintoci a sama.

Sai dai ɗan kasuwar da ya sa lokacin ganawa bisa wannan lissafi kaɗai yakan makara. Filin Abuja na da nisan kusan kilomita 40 daga tsakiyar birni, ga layin tantance fasinjoji, ga cunkoson motocin Legas, sannan hazon hunturu kan jinkirta tashi.

A 2017, da aka rufe filin har makonni shida domin gyaran titin saukar jirage, a Kaduna fasinjojin Abuja suka riƙa sauka, su ƙarasa da mota ko jirgin ƙasa.