Wa Ke Bincikar Ɗan Sanda Idan Shi Ne Ya Yi Laifin?

Idan ɓarawo ya haura gidanka, caji ofis za ka nufa. To idan ɗan sandan ne da kansa ya sharara maka mari a bakin titi, ko ya zazzage maka aljihu ba gaira ba dalili, ina za ka kai kuka? A wurare da yawa amsar ita ce wajen 'yan sandan dai. Wanda zai karɓi ƙorafinka abokin aikin wanda ya mare ka ne, wataƙila ma gobe tare za su fita sintiri. An ba kura ajiyar nama ke nan. Wannan ne ya sa wasu ƙasashe suka kafa hukumomin farar hula masu bincikar 'yan sanda. Birtaniya na da tata, Afirka ta Kudu na da IPID, Kenya na da IPOA. Ni dai zan tsaya kan ta birnin New York na Amurka, wadda ake kira CCRB, domin a can an daɗe ana kokawa da lamarin, kuma amfaninsa da gazawarsa duk sun fito fili.

Ba cikin ruwan sanyi aka same ta ba. Tun 1953 akwai kwamitin sauraren ƙorafi, amma manyan jami'an rundunar ne a cikinsa. A 1966 magajin gari John Lindsay ya shigar da farar hula, ƙungiyar 'yan sanda ta tashi haiƙan, aka yi ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a, aka rushe tsarin a shekarar. Da David Dinkins, baƙar fata na farko da ya mulki birnin, ya sake tayar da maganar a 1992, dubban 'yan sanda suka yi wa ofishinsa ƙawanya, wasu suka tare gadar Brooklyn. Sai a 1993 hukumar ta zama ta farar hula zalla.

Jami'in binciken wannan hukuma ba ya sa kaki, ba ya riƙe bindiga, ba ya kama kowa. Da yawansu matasa ne da ba su daɗe da gama jami'a ba. Abin da ke zuwa teburinsu shi ne ƙorafin amfani da ƙarfi fiye da kima, da wuce gona da iri wajen amfani da iko (kamar tsare mutum ko caje shi ba hujja), da wulaƙanci, da zagin da ya taɓa launin fata ko addini ko jinsi. Daga baya an ƙara musu binciken ƙaryar da ɗan sanda ya yi yayin da ake bincikarsa.

Aikin kansa na haƙuri ne. Da farko a zauna da mai ƙorafi a ɗauki bayaninsa dalla-dalla. Sau da yawa bai san sunan wanda ya doke shi ba. Abin da ya riƙe kawai dogo ne, da dare ne, a kusa da wani shago. Daga nan mai bincike zai shiga tono: su wa ke bakin aiki a unguwar a wannan sa'a, wace mota aka tura, me aka faɗa a oba-oba. Sai ya taka zuwa wurin, ya bi shago-shago yana roƙon a ba shi hoton kyamarar tsaro kafin na'urar ta goge shi, domin wasu kwanaki kaɗan suke ajiyewa. Ya nemi takardun asibiti da izinin mai su. Ya nemi shaidu, waɗanda galibi ba sa son a ji sunansu. In ta kama, hukumar na da ikon ba da sammaci a kawo takarda ko shaida. A ƙarshe a kira ɗan sandan, kuma dole ya zo, tare da lauya ko wakilin ƙungiyarsa, a naɗi muryarsa.

Nan ne mutane kan yi wa aikin gurguwar fahimta. Mai bincike ba lauyan mai ƙorafi ba ne. Yana iya kammala cewa abin ya faru kuma laifi ne, ko ya faru amma doka ta yarda da shi, ko bai faru ba sam. Ma'auninsa rinjayen hujja ne, wato wane bayani ya fi kusa da gaskiya, ba tabbacin da kotun manyan laifuka ke nema ba. Akwai kuma sakamakon da ya fi ci wa kowa rai: an kasa tantancewa. Mutum ya ce an mare shi, ɗan sanda ya ce bai taɓa shi ba, babu na uku. Wasu fayilolin ma ana rufe su ne don mai ƙorafin ya gaji ko ya tsorata ya daina ɗaukar waya.

An ce gani ya kori ji, kuma lallai kyamarar da 'yan sandan birnin suka fara maƙalawa a ƙirji daga 2017 ta rage yawan shari'un da ke ƙarewa ba matsaya. Sai dai faifan yana hannun rundunar da ake bincika, roƙonsa ake yi. Ga kuma doka ta ba da wata 18 kacal daga ranar da abin ya faru a fara tuhumar ladabtarwa. Duk jinkirin da aka yi wajen miƙa faifai, ɗan sandan yake yi wa aiki.

Shari'ar Eric Garner ta nuna iyakar abin. Ranar 17 ga Yuli 2014, 'yan sanda suka tare shi a Staten Island bisa zargin sayar da sigari ɗaiɗai ba haraji. Wani jami'i, Daniel Pantaleo, ya shaƙe masa wuya, salon kamun da rundunar ta haramta tun 1993. Garner ya faɗa sau 11 cewa ba ya iya numfashi, ya kuma mutu. Duniya ta ga bidiyon. Duk da haka ba a gurfanar da jami'in a kotun jiha ba, gwamnatin tarayya ma ta shafe shekara biyar sannan ta ce ba za ta tuhume shi ba. Birnin ya biya iyalan diyyar dala miliyan 5.9 a 2015, shi kuwa yana nan yana karɓar albashi. CCRB ce ta tabbatar da laifin, lauyoyinta suka gabatar da ƙara a zaman ladabtarwa na rundunar a 2019. Da yake wata 18 sun wuce tuni, sai da suka nuna cewa abin da ya yi ya kai matsayin laifin da dokar jiha ke hukuntawa. Alƙaliyar zaman, Rosemarie Maldonado, ta ba da shawarar a kore shi, kwamishinan 'yan sanda James O'Neill ya kore shi a watan Agusta 2019.

A lura da kalmar shawara. Komai kyan binciken, kwamishinan 'yan sanda ke da ta cewa ta ƙarshe, kuma an sha ganin ya sassauta hukuncin da hukumar ta nema ko ya yi watsi da shi. A ganina wannan ce babbar ɓarakar tsarin. Abin da ya ɗan gyara lamarin shi ne soke wata tsohuwar dokar jiha a Yuni 2020, bayan kisan George Floyd, wadda ta ɓoye tarihin ladabtar da 'yan sanda. Yanzu kowa na iya duba ƙorafin da aka taɓa yi kan jami'i da yadda ya ƙare.

A Najeriya tsarin mulki ya ba Hukumar Kula da Aikin 'Yan Sanda ikon ladabtar da kowane jami'i ban da Sufeto Janar, ikon da ita CCRB ba ta da shi. Amma sashen karɓar ƙorafi da aka buɗe a 2015 yana cikin rundunar ne, kwamitocin shari'a da jihohi suka kafa bayan zanga-zangar EndSARS a 2020 kuwa na wucin gadi ne, sun gama sun watse. Abin da ya kamata 'yan majalisa su nema shi ne masu bincike farar hula na dindindin a kowace jiha, da ikon sammaci da kasafin kuɗin da ba ya bi ta hannun rundunar.

Kai kuma mai karatu, in abin ya same ka ko wani naka, rubuta rana da sa'a da wuri tun kafin ka manta, da sunan da ke ƙirjin jami'in ko lambar motarsa. Karɓi lambar wayar waɗanda suka gani, ka je asibiti a rubuta maka rahoto a ranar.