Tayar da Tsohuwar Mota Bayan Dogon Zama: Misali Daga Peugeot 504

1.0 Gabatarwa

Da wuya mutum ya zaga tsofaffin unguwannin ma'aikata a Kaduna ko Zariya ko Kano bai tarar da wata mota a kafe a gindin bishiya ko a cikin gareji ba, tayoyinta sun sace, ƙura ta rufe gilasanta. Sau da yawa ba haɗari ne ya ajiye ta ba. Wata mai ita ne ya rasu, magada suka kasa tsai da shawara a kanta. Wata kuwa ɗan ƙaramin gyara ne aka yi ta ɗagawa yau da gobe har shekaru suka shuɗe. Ran da aka waiwaye ta, abin da akan fara yi shi ne a aro batir a ɗaura, a murɗa makulli a ji ko za ta tashi.

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa murɗa makulli aiki ne da ya kamata ya zo kusan a ƙarshe, domin injin da ya jure zaman shekara 10 yana iya lalacewa cikin minti guda idan aka tashe shi a bushe. Za mu duba ɓarnar da zama ke yi wa mota, da matakan farfaɗo da ita, sa'an nan da yadda ake ɗauke ta daga inda take ba tare da an jefa rayuka cikin haɗari ba. Mun ɗauki Peugeot 504 ta zama abin misali.

2.0 Dalilin Zaɓen Wannan Mota

An fara fito da Peugeot 504 a Faransa a shekarar 1968, aka kuma zaɓe ta gwarzuwar motar Turai ta 1969. Juriyarta a kan mugun hanya ta bayyana a gasar tseren Safari ta ƙasar Kenya, wadda ta lashe a 1975 da 1978. A 1975 ɗin ne kuma kamfanin harhaɗa motocin Peugeot da ke Kakuri a Kaduna ya fara aiki, ya ci gaba da fito da 504 har bayan shekarar 2000, alhali kuwa Faransa ta daina ƙera samfurin salun tun 1983. Ita ce motar da jama'a ke kira Fijo: motar ofis, motar haya mai dogon zango, kuma motar da ma'aikaci kan saya da rancen gwamnati.

Daɗin daɗawa, ƙirarta mai sauƙin fahimta ce. Samfurin da ya fi yawa injinsa silinda 4 ne, yana shan mai ta kafireto, tayoyin baya ne ke tura motar, kuma babu kwamfuta a cikinta. Saboda haka duk abin da zama ya ɓata ana iya ganinsa da ido, a taɓa shi da hannu.

3.0 Ɓarnar da Zama Ke Yi

Mutane da yawa sun ɗauka cewa motar da ba ta tafiya hutawa take yi. Ba haka abin yake ba. Tafiya tana cinye ƙarfe, zama kuwa yana ruɓar da abin da ke kiyaye ƙarfen, watau mai da ruwa da roba.

Fetur shi ke fara lalacewa. Cikin 'yan watanni sashensa mai saurin kama wuta yakan tashi ya bi iska, ya bar wani abu mai danƙo kamar ƙaro, wanda ke toshe ƙananan kafofin kafireto da famfon mai. Tankin da ba a cike yake ba kuwa yakan yi gumi daga ciki, musamman da damina, ruwan ya kwanta a ƙasa ya haifi tsatsa.

Baƙin mai shi ma yakan tsiyaye gaba ɗaya ya koma gindin inji, ya bar bangon silinda a bushe. Laima tana shiga ta bawul ɗin da ya rage a buɗe, sai zobban fistin su manne da bango. Wannan shi ne abin da kanikawa ke nufi idan sun ce inji ya kame.

Man birki yana da halin zuƙar ruwa daga iska, shi ya sa ake so a canja shi duk bayan shekara 2 ko da motar tana aiki. Ruwan da ya zuƙa yana cin bututu da tukwanen birki daga ciki. Haka kuma idan birki ya yi zafi ruwan yakan tafasa ya zama tururi, sai direba ya taka feda ta tafi ƙasa ba ta kama komai ba. Idan kuma an bar birkin hannu a ɗaure, laininsa yakan manne da duram, watau kwanon ƙarfen da ke juyawa tare da taya. Irin wannan mannewa tana samun kuloci.

Batir yakan zube da kansa, in kuma ya daɗe a zube sai gishirin dalma ya daskare a kan farantansa, ya daina riƙe caji. Roba kuwa, ko ta taya ce ko ta tiyo ko fambel, rana da hunturu suna busar da ita har ta tsattsage. A ƙarshe akwai baƙin da suka tare: ɓeraye suna cin wayoyi da kujeru, zanzaro yana gini a bakin salansa da cikin matatar iska, kunama da maciji kuwa suna son inuwa da sanyin wurin.

4.0 Matakan Farfaɗowa

4.1 Dubawa

Kafin a taɓa sufana, sai a tabbatar da mallaka. Motar gado ba a kashe mata kuɗi sai magada sun daidaita, an kuma nemo takardunta an gwada lambar inji da ta shasi da abin da ke rubuce. Bayan haka sai a buɗe ƙofofi da bonet da but, a bubbuga da sanda, a bar ta ta sha iska. A leƙa ƙarƙashi da tocila a duba tsatsa a wuraren da ke ɗauke da nauyi. Idan tsatsa ta huda waɗannan wurare, gyaran inji ba shi da amfani sai mai walda ya gama nasa aikin.

4.2 Sassauta inji

A sa wa kowace wayar fulogi alama domin kada a rikita jerinsu, a share ƙurar da ke kewaye, sa'an nan a kwance fulogogin duka. A zuba kamar cokali ɗaya ko biyu na mai mara kauri a kowace silinda, a bar shi kwana 2 ko 3 ya ratsa. Daga nan sai a sa giya a firi, a kama kusar fulin gaban inji da sufana a juya da hannu sannu a hankali. Idan ya zaga sau biyu cikakku ba tare da cijewa ba, to an tsallake babban siraɗi. Idan ya ƙi, a ƙara mai a ƙara haƙuri. Kada a tilasta shi da kik, kada kuma a ja motar da wata a saki kuloci, domin hakan yana karya zobba, ya karce silinda, ko ya lanƙwashe sandunan bawul. A nan ne sauri kan haifi nawa.

Wata sa'a da mai 504 ya yi ita ce sarƙa ce ke daidaita juyin bawul a injinta. A motocin da ke amfani da bel na roba a wannan gurbi, wajibi ne a canja shi kafin a tashe su, domin tsinkewarsa na iya haɗa fistin da bawul.

4.3 Canja mai da ruwa

A tsiyaye tsohon baƙin mai a duba shi da kyau. In ya yi fari kamar madara, ruwa ya shiga, kuma akwai alamar gaskit ya ƙone ko wani abu ya tsage. A sa sabon mai da sabuwar matata. A zubar da ruwan lagireto a wanke shi, a matsa kowane tiyo da hannu; wanda ya yi tauri ko ya yi laushi fiye da kima a canja shi, haka ma fambel. Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne ga 504, domin gangar injinta ta baƙin ƙarfe ce, murfinsa na sama kuwa, wanda kanikawa ke kira tof, na alminiyam ne. Zafi ɗaya mai tsanani ya isa ya karkatar da shi.

Tankin mai a sauke shi a wanke, a busa bututun, a kwance kafireto a tsabtace kafofinsa. Tsohon fetur kada a zuba shi a kwata ko kusa da rijiya.

4.4 Wuta

A bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya a nemo inda ɓera ya ci. Batirin kirki mai cikakken caji yakan nuna kamar bolt 12.6. Idan aka ɗaura shi, a tsaya a saurara a kuma sansana kafin a ƙulle kan, domin ƙaurin roba alama ce ta wayoyi sun haɗu. A goge bakin kwantak da ke cikin distiributa, domin tsatsar da ba ta kai kaurin gashi ba tana hana wuta isa fulogi.

4.5 Tayarwa

Tun fulogogi suna waje, a cire wayar kwayil, a juya injin da kik na daƙiƙa 10 zuwa 15, a huta, a sake, har jar fitilar mai da ke gaban direba ta mutu. Mutuwarta ita ce shaidar cewa mai ya zaga ko'ina. Sai a mai da fulogogi a tayar. Al'adar tsiyaya fetur a bakin kafireto ana cikin murɗa makulli abin gudu ce, domin inji yakan yi tari ya tofo wuta. A ajiye abin kashe gobara ko bokitin yashi a kusa, tun da ruwa ba ya kashe wutar fetur. Kada a tayar a cikin rufaffen gareji, saboda hayaƙin salansa yana ɗauke da iska mai guba wadda ba ta da wari, kuma tana kisa.

Idan ya tashi kada a taka totur. Hayaƙi mai shuɗi na 'yan mintoci ba abin damuwa ba ne, man da aka zuba ne ke ƙonewa. Amma idan fitilar mai ta ƙi mutuwa, ko aka ji ƙwanƙwasa daga ciki, ko allurar zafi ta haura, a kashe nan take.

5.0 Ɗauke Ta Daga Wurin

Tashin inji ba ya nufin mota ta isa hawa titi. Motar da ta ƙi tashi asararta lokaci ne kawai, wadda ta ƙi tsayawa kuwa asararta rai ne. Don haka birki shi ne sharaɗin motsi. A ɗaga kowace ƙafa da jak, a tokare da abin da ba zai goce ba, a juya tayar da hannu. Wadda ta ƙi juyawa, a bubbuga duram da guduma a hankali har lainin ya saki. A canja man birki duka, da robobin tukwanensa, da tiyon da ke zuwa kowace ƙafa.

Taya kuwa ba a yi mata hukunci da kyan zanenta. A gefenta akwai lambobi 4 da ke nuna lokacin da aka yi ta: 2315, alal misali, na nufin mako na 23 na shekarar 2015. Idan lambobi 3 ne, tayar ta girmi shekarar 2000. Wadda ta kai shekara 10 ba abin dogaro ba ce ko da ba ta taɓa taka ƙasa ba, sai dai a ba ta iska don a gangara da motar zuwa bakin ƙofa.

Hanyoyin ɗaukarta uku ne. Mafi aminci shi ne a ɗora ta gaba ɗaya a bayan babbar mota ko janwe mai shimfiɗa, a ɗaure ƙafafu huɗu, kada a ɗaure ta bamba. Na biyu shi ne a ja ta da sandar ƙarfe, wadda ke hana ta afka wa motar gaba. Na uku, wanda aka fi yi kuma ya fi haɗari, shi ne ja da igiya. Mai yin haka ya tuna cewa 504 ta haura tan ɗaya, kuma tukunyar da ke ƙara wa ƙafa ƙarfi wajen taka birki da zuƙar inji take aiki, saboda haka in inji a kashe yake fedar takan yi tauri ƙwarai. Dole makulli ya kasance a ciki domin kada sitiyari ya kulle a kan kwana. Motar da ke canja giya da kanta kuwa ba a ja ta zuwa nesa tayoyin baya na ƙasa, domin famfon da ke shayar da giyarta mai ba ya juyawa sai inji na aiki.

Ranar da za ta fara tafiya da ƙafarta, a zaɓi fili ko layin da babu yara, a gwada birki tun ana tafiyar ƙafa. Kafin ta hau babban titi sai an sabunta lasin da inshora da takardar shaidar lafiyar mota.

6.0 Kammalawa

Mun ga cewa zama ciwo ne ga mota, kuma maganinsa yana da jeri: dubawa, sassauta inji, canja mai da ruwa, gyara wuta, sa'an nan tayarwa, birki da taya kuwa su ne ke ba da izinin fita. Wanda ya san zai ajiye mota na dogon lokaci, ya saki birkin hannu ya tokare tayoyi da dutse, ya cire batir, ya kuma riƙa fita da ita lokaci-lokaci har inji ya yi zafi sosai.

Har yanzu akan dace da kayan 504 a kasuwanni irin su Panteka a Kaduna da Ƙofar Ruwa a Kano. Abin da ya fi kayan wuyar samu shi ne hannun da ya san su, domin kanikawan da suka ƙware a kan kafireto da kwantak tsufa yana cim musu, yaran da ke tasowa kuwa motocin kwamfuta suke koyo. Duk mai irin wannan mota a gida, ya nemi tsohon bakanike tun yana da ƙarfin riƙe sufana, ya kuma sa yaro ya tsaya kusa da shi yana kallo. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani.